Aikin canjin gaɓar ƙugu: gyara baya yake yi ko karkatar da shi?

Ɗan_Ƙofar_Sauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Magana biyu ke yawo a bakin majinyata a nan Katsina kan aikin canjin gaɓar ƙugu, kuma sun saɓa wa juna. Wasu sun ce da an sa gaɓar ƙarfe ciwon baya ya tafi, mutum ya miƙe sak. Wasu kuma sun ce aikin ne ke karkatar da kwatangwalo, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, baya ya kama ciwon da da babu shi. Ni a nawa ganin aikin ƙugu na ƙugu ne, ba ruwansa da ƙashin baya. Likitocin ƙashi, masu gashi da masu hoto da ke cikinmu, a warware mana.

Likitan_Ƙashi_KT:
Wa alaikumus salam. Malam, a nan kam ban bi ka ba. Ƙashin baya a kan kwatangwalo ya zauna, shi kuma kwatangwalo a kan kawunan ƙasusuwan cinya biyu yake lilo. Ka ɗauke shi kamar ƙwarya da aka ɗora a kan sanduna biyu. In mutum yana tsaye, ƙwaryar tana ɗan sunkuyawa gaba, ƙasan baya ya gantsare. In ya zauna, sai ta kwanta baya da kusan digiri 20, gantsarewar ta ragu, gurbin da kan cinya ke juyawa a ciki ya buɗe ta gaba, ya ba cinya hanya. Zaman kujera da muke gani kamar lanƙwasa ce ta digiri 90, gaɓar ƙugu 55 zuwa 70 kawai take bayarwa. Ragowar daga baya da kwatangwalo take fitowa.

To shi kofin da muke dasawa, wato sabon gurbin da ƙwallon gaɓar ƙarfe ke juyawa a ciki, a cikin wannan ƙwaryar ake kafa shi, ba ya motsi da kansa. Duk inda kwatangwalo ya juya, can kofi zai kalla. Kowane digiri ɗaya da kwatangwalo ya kwanta baya yana ƙara wa kofi fuskantar gaba da kusan digiri 0.7. Ka ga ke nan kofi ɗaya, a jikin mutum ɗaya, fuskarsa a tsaye daban, a zaune daban. Mai juya wannan fuskar kuwa baya ne.

Ɗan_Ƙofar_Sauri:
Likita, wannan ya nuna baya na shafar aikin. Tambayata ita ce ko aikin na shafar baya.

Hajiya_Mai_Gashi:
Yana shafa, ƙanena, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Gaɓar da amosanin gaɓɓai ya ci shekaru tana ƙagewa a lanƙwashe, cinya ba ta iya miƙewa ta koma baya. Don mutum ya tsaya ya kalli gabansa, dole kwatangwalo ya ƙara sunkuyawa, ƙasan baya ya ƙara gantsarewa. Ƙananan gaɓɓan da ke bayan ƙashin baya su ke ɗaukar nauyin, daga nan ciwon tsatso ke tasowa. Tun 1983 Offierski da MacNab suka rubuta kan wannan haɗin ciwo na ƙugu da baya.

Gwajin ƙagewar ba ya buƙatar inji. A kwantar da mutum rigingine a kan gado mai tauri, ya rungumo gwiwar ƙafa mai lafiya zuwa ƙirji har ƙasan bayansa ya manne da gado. In cinya mai ciwo ta ɗaga da kanta, kusurwar da ke tsakaninta da gado ita ce yawan ƙagewar. Gwajin Thomas ke nan. Bayan aiki, in an saki ƙagewar kuma an yi gashi yadda ya kamata, kwatangwalo yana samun damar komawa baya kaɗan, nauyin ya sauka daga waɗancan ƙananan gaɓɓan.

Dakta_Laka:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma a riƙe kalmar "kaɗan" ɗin nan da kyau. Wani ƙaramin bincike na 2007 ya bi majinyata 25 masu ciwon ƙugu da na baya tare. Bayan aiki ciwon baya ya ragu ƙwarai, amma da aka auna kusurwoyin ƙashin baya a hoto, ba a ga wani canji na a zo a gani ba. Yawancin mutane juyawar kwatangwalonsu bayan aiki 'yan digiri ce, ba ta cika wuce 5 ba. Akwai tsiraru da nasu ke juyawa sosai, galibi masu ƙagewa mai tsanani a ɓangarori biyu. Saboda haka a daina yi wa dattijo mai doro alkawarin cewa canjin ƙugu zai miƙar da shi. In faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya sun bushe sun zaizaye, ƙarfen ƙugu ba zai dawo da su ba.

Nas_Rafindaɗi:
Allah ya saka da alheri. Amma ni abin da na fi jin ana kuka da shi tsawon ƙafa ne. Kusan duk wanda aka tayar ranar farko ko ta biyu sai ya ce ƙafar aikin ta yi masa tsawo.

Hajiya_Mai_Gashi:
Sista, tsawo iri biyu ne, kuma rikita su ke jawo ɓarna. Akwai na gaske, akwai na ji. Na gaske da awo ake gane shi: daga tsinin ƙashin kwatangwalo na gaba zuwa idon sawu na ciki, a ƙafafu biyun, mutum na kwance daidai. Na ji kuwa daga cibiya ake aunawa zuwa idon sawu. In na farko ya zo daidai na biyu ya saɓa, to ƙashi lafiya lau, kwatangwalo ne ya karkata.

Dalilin karkatar: gaɓar da ta zaizaye ta gajarta ƙafa shekara da shekaru, tsokokin gefen ɗuwawu sun saba da gajarta. An zo an maido da tsawo da tazarar cinya daga kwatangwalo a rana ɗaya, sai tsokokin su ɗaure tamau, su janyo kwatangwalo ƙasa ta ɓangaren aikin. Mutum ya ji kamar yana taka tudu. Wannan yana sakin kansa cikin wata 3 zuwa 6 da miƙa tsoka da tafiya. Kuskuren da ake yi shi ne a ruga wajen mai gyaran takalmi a sati na biyu a ƙara wa ɗaya ƙafar dunduniya. An kulle karkatar ke nan, tsokar ba za ta taɓa samun dalilin sakewa ba, sai baya ya lanƙwashe gefe don ya daidaita kai. Bambancin gaske da bai kai santimita 1 ba, yawancin mutane ba su damuwa da shi. In bayan wata 6 yana nan kuma ya wuce haka, sai a tsayar da mutum a kan ƙananan katakai masu kauri daban-daban har kwatangwalo ya daidaita, a yi ƙarin takalmi da wannan awon, ba da ƙiyasi ba.

Mai_Hoto_Daura:
Bari in shigo da namu ɓangaren, don duk lissafin da Likita ya yi a sama a kan hoto yake tsayawa. Hoton gaba na kwatangwalo da ake ɗauka a kwance bai isa ba. Ba a kwance gaɓa ta fi gocewa ba, a tashi da zama ta fi gocewa. Abin da ake so hoto uku ne: na gaba a tsaye, na gefe a tsaye, na gefe a zaune. Na gefen su kama daga L1, wato na farko cikin ƙasusuwa biyar na ƙasan baya, har saman ƙashin cinya.

A tsaye: gwiwoyi a miƙe, hannuwa a ɗora kan wani abu a gaba don su kauce wa hoton, ba don a jingina nauyi ba. A zaune: kujera marar majingina, a daidaita tsayinta har cinya ta kwanta daidai da ƙasa, tafin ƙafa a ƙasa. Sai a ja layi a saman S1, wato rufin sakrum, faffaɗan ƙashin da baya ya zauna a kai, a auna gangarensa. Mai lafiya yana kusa da digiri 40 a tsaye, ya sauko kusa da 20 a zaune. In bambancin bai kai 10 ba, baya ya sandare. In ya wuce 30, motsin ya yi yawa.

Inda hoto ke lalacewa: kujera ta yi ƙasa, mutum ya jingina da bango, ko ya ɗan juya har kawunan cinya biyu suka ƙi hawa kan juna. Kowanne na iya sa mai sandararren baya ya fito kamar mai lafiya. Injin hoton ƙashi na yau da kullum yana yin wannan aikin, kujera da haƙuri kawai yake so.

Ɗalibi_UMYU:
Ranka ya daɗe Likita, mu abin da aka koya mana shi ne ma'aunin Lewinnek: karkatar kofi digiri 40, da ragi ko ƙarin 10, fuskantar gaba digiri 15, da ragi ko ƙarin 10. In an sa kofi a cikin wannan, ba shi ke nan ba?

Likitan_Ƙashi_KT:
Madalla da tambaya. Wannan ma'aunin na 1978 ne, kuma har gobe daga shi ake farawa. Sai dai a 2016 likitocin asibitin Mayo a Amurka sun duba gaɓɓan da suka goce a wurinsu, suka tarar 58 cikin 100 kofinsu yana cikin wannan ma'aunin. Ma'aunin bai san ko bayan majinyaci na motsi ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Mai sandararren baya in ya zauna, kwatangwalo ya ƙi kwantawa baya, kofi bai buɗe ba. Dole cinya ta biya bashin digirin da baya ya ƙi bayarwa. Wuyan ƙarfen da aka dasa a cinya, wanda ke ɗauke da ƙwallon, sai ya doki leɓen kofi ta gaba, ya zama kamar an sa ƙarfe ana ɓanɓarar murfi, ƙwallon ya fice ta baya. Lokacin tashi daga ƙaramar kujera ko sunkuyawa ɗaukar takalmi aka fi samun wannan. Irin wannan mutumin ana ƙara wa kofinsa fuskantar gaba, wajen digiri 25 zuwa 30.

Akasinsa shi ne wanda gantsarewar bayansa ta baje, baya ya zama shafal. Shi ko a tsaye kwatangwalonsa a kwance yake baya don kada ya kifa. Kofinsa ya riga ya kalli gaba da yawa, in ya miƙe ƙafa baya a tafiya ko ya juya, wuyan ya doki leɓen baya, ƙwallon ya fito ta gaba. In ka ƙara wa wannan fuskantar gaba ba tare da ka duba hotonsa na tsaye ba, ka ƙara wa wuta fetur. Wanda ya haɗa biyun, bayansa shafal kuma sandararre, shi ya fi kowa haɗari, tazarar da ke tsakanin gocewa ta gaba da ta baya ta ƙuntata. A nan ake tunanin kofi mai motsi biyu, wanda Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970: ƙaramin ƙwallo a cikin babban ƙwallon roba, shi ma yana juyawa a cikin kofi. In babu shi, a sa ƙwallo mafi girma da kofin zai ɗauka, milimita 32 ko 36 maimakon 28, a kuma tabbata an maido da tazarar cinya daga kwatangwalo don tsoka ta yi ƙarfi.

Dakta_Laka:
Ƙari kan na Mai Hoto: yadda ake gane bayan da ya baje. Kowa yana da kusurwar halitta ta kwatangwalo, wadda ba ta canzawa bayan an gama girma, matsakaicinta wajen digiri 50 zuwa 55. Gantsarewar ƙasan baya daga L1 zuwa S1 ya kamata ta yi kusa da ita. In kusurwar halittar ta fi gantsarewar da sama da digiri 10, baya ya baje.

Malam_Gobarau:
Allah ya ƙara ilimi. Duk waɗannan awon a kan kujerar Bature aka yi su. Mu mutanenmu tabarma suke zama, masai na tsuguno suke shiga, sau biyar a rana goshi na taɓa ƙasa. Ina matsayin sallah a wannan lissafin?

Hajiya_Mai_Gashi:
Allah gafarta Malam, ka taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Sujada da tsuguno suna kai cinya lanƙwasar da ta zarce digiri 110, nesa da ta kujera. Mai lafiyayyen baya kwatangwalonsa na taimaka masa, mai sandararre kuwa duk nauyin a kan gaɓar ƙarfe yake sauka. In ta bayan gaɓar aka yanka aka shiga aikin, abu uku ake hanawa na sati 6 zuwa 12: lanƙwasa cinya fiye da digiri 90, harɗe ƙafa, da juya gwiwa ciki. Ku lura da zaman tahiya irin namu na Malikiyya, inda ake kai ɗuwawun hagu ƙasa a fitar da ƙafafu ta dama. Cinyar dama a lanƙwashe take kuma a juye ciki, wato biyu daga cikin ukun a lokaci guda. Wanda aka yi wa aiki a dama ya kiyayi wannan zaman fiye da komai. Komawa sujada a ƙasa kuwa ba kwanan wata ke yanke shi ba, likitan da ya sa kofin kuma ya ga hoton bayan shi ke da ta cewa. Akwai wanda zai koma, akwai wanda kujera ta zama tasa har abada.

A gida: a tanadi masai na zama mai tudu tun kafin aiki, gado ya kai tsayin gwiwa ko ya ɗara, alwala a kan doguwar kujera a zuba ruwa a ƙafa da buta ba tare da an sunkuyo ba, ko a samu mai wankewa. Bayan babur kuma a haƙura da shi a watannin farko, ɗaga ƙafa a haye da jijjigar hanya duk ba su dace ba.

Malam_Gobarau:
Na gode Hajiya. Ta fuskar shari'a babu ƙunci. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba da damar yin sallah a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Dattawa da yawa kunyar kujera a sahu ce ke tura su ƙasa tun rauni bai warke ba. Limamai su riƙa faɗa a fili, su kuma ajiye kujeru masu tsayi a gefen sahu, ba 'yan ƙananan nan na roba ba.

Ummu_Sadiq:
Ana ta maganar dattawa, amma a nan arewa da yawan waɗanda ake canza wa ƙugu matasa ne masu sikila, waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya mutu saboda toshewar jini. Mai shekara 25 ai bayansa bai sandare ba. Shi ma sai an yi masa duk hotunan nan?

Likitan_Ƙashi_KT:
Yawancinsu bayansu na motsi, gaskiya ne, kuma wannan yana kare su daga gocewa. Matsalarsu ta fi karkata ga gefe. Ciwon kan kama ɓangarori biyu, ɗaya ya fi ɗaya rushewa. In an gyara ɗaya, wannan ƙafar ta dawo tsawonta, ɗayar tana nan a gajarce, kwatangwalo ya karkata har sai an yi na biyun. A wannan tsakanin ƙarin takalmi na wucin gadi a ƙafar da ba a taɓa ba yana da amfani, saɓanin abin da Hajiya ta hana a sama, don nan bambancin na gaske ne.

Dakta_Laka:
Kada a sake da "yawancinsu". Sikila tana cin ƙasusuwan baya su ma, tsakiyarsu ta lotsa, wani lokaci su rushe. Haka wanda ya taɓa tarin fuka na ƙashin baya, ƙasusuwan kan manne su bar doro, komai ƙuruciyarsa. Hoto biyu na gefe ba su kai kuɗin komawa ɗakin tiyata ba. A yi wa kowa.

Baban_Khalifa_Kusugu:
Akwai kuma waɗanda wuyan ƙashin cinya ya karye aka kai su wajen mai ɗori. Wannan karayar a cikin gaɓa take, kara da tsumma ba su kai gare ta. Sai bayan wata shida ko shekara a iso asibitin ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ƙafa ta gajarce da santimita 4 ko 5, mutum ya saba tafiya a karkace. Shin ana iya maido da tsawon gaba ɗaya?

Likitan_Ƙashi_KT:
Ba kullum ba. Babbar jijiyar da ta bi ta bayan ƙugu ta sauka ƙafa ba ta son ja. In an ƙara tsawo ya kai wajen santimita 4 a zama ɗaya, ana tsoron ta shanye, tafin ƙafa ya riƙa faɗuwa. Na biyu, sai an san ko karkatar bayansa ta kafu. A zaunar da shi a kan benci mai tauri a duba ta baya. In kwatangwalo ya daidaita a zaune, matsalar daga ƙafa take, za ta gyaru. In yana nan a karkace, daga baya take, kuma in ka daidaita ƙafafun da awo cif, shi zai ji ka ƙara masa tsawo. Wannan maganar kafin aiki ake yin ta da majinyaci da iyalinsa.

Ɗalibi_UMYU:
To wanda ke buƙatar aikin baya da na ƙugu duka, wanne ake farawa?

Dakta_Laka:
Ni baya nake cewa, in akwai niyyar ɗaure ƙasusuwa da ƙarfe ko maido da gantsarewa. Gyaran baya yana juyo da kwatangwalo gaba, kofin da aka sa daidai jiya ya rasa fuskantar gabansa yau. Gara a kafa baya, a sa kofi a kan matsayin da ba zai sake canzawa ba. In kuma akwai alamun matse laka, ƙafa na mutuwa, fitsari ko bayan gida na kufcewa, babu ma muhawara.

Likitan_Ƙashi_KT:
Kan matse laka mun haɗu. Kan sauran ina da ja, Dakta. Wanda aka riga aka ɗaure wa baya ya fi gocewar gaɓa bayan canjin ƙugu, musamman in ɗaurin ya kai sakrum ko ya haɗa ƙasusuwa da yawa. Kuma kamar yadda kai da kanka ka kawo, ciwon baya kan ragu bayan aikin ƙugu, wani ma ba zai ƙara neman aikin bayan ba. A fara gano mai laifi. Ciwo a matsematsi, wahalar sa safa, zafi in an juya cinya ciki: ƙugu ne, ko da ciwon na sauka gwiwa. Ciwon da ya wuce gwiwa zuwa tafin ƙafa, da mutuwar jiki, mai sauƙi in an sunkuya: baya ne. In an rasa ganewa, a yi allurar kashe zafi a cikin gaɓar ƙugu, a sa shi ya yi tafiya. Abin da ya rage na ciwo, na baya ne.

Ɗan_Ƙofar_Sauri:
Na janye "ba ruwansa". Amma har yanzu ina ganin abin da kuka nuna ya fi ƙarfi ta ɓangaren baya na juya kofi. Ta ɓangaren aiki na canza tsayuwar baya, Dakta Laka ya ce 'yan digiri ne. To masu cewa aikin ya karkatar da su har bayan shekara fa? Wata shidan Hajiya ya wuce.

Hajiya_Mai_Gashi:
A irin wannan ka fara duba tsokar gefen ɗuwawu kafin ka zargi ƙarfe. Ka tsayar da shi a kan ƙafar aikin kaɗai na daƙiƙa 30, kana bayansa, hannuwanka a kan ƙasusuwan kwatangwalo. In ɗaya ɓangaren ya faɗi ƙasa, ko ya jefa kafaɗa ta ɓangaren aikin don ya tsaya, tsokar ba ta da ƙarfi. Kowane taku kwatangwalo na faɗuwa, baya na lanƙwasa gefe, da yamma tsatso ya ɗauki zafi. Sanda a hannun da ke kishiyar ƙafar aikin ake riƙe ta, da yawa a hannun da bai dace ba suke riƙewa. Motsa jiki: a tsaye a riƙe bango, a buɗe ƙafa gefe ba tare da jiki ya karkata ba, sau 10, zagaye 3, safe da yamma. In ya ƙware a koma yi a kwance ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi.

Mai_Hoto_Daura:
In wata uku na wannan bai canza komai ba, a turo shi hoton gaba a tsaye, ba takalmi, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa. A ja layi a ƙasan kwatangwalo a auna zuwa ƙaramin tsinin ƙashin cinya a kowane ɓangare, a kuma gwada tazarar cinya da ta ɗaya gefen. Ya zo da hotonsa na satin farko bayan aiki, don in sandar ƙarfen ta nutse cikin ƙashi, sai an jera biyun ake gani.

Nas_Rafindaɗi:
Wannan na ƙarshen a riƙa faɗa wa iyalai tun ranar sallama. Hoton a ajiye shi a kwance cikin ambulan ɗinsa, nesa da rana da danshi, kada a naɗe shi. A kuma ɗauke shi da waya a jikin farin haske, da kwanan watan a rubuce. Dakta Laka, su masu ɗaurin baya na da, hoton zaune a kujera ya wadatar ko sai an ƙara wanda ake sunkuyowa gaba kamar za a tashi?